Ruwan da Ba a Sirka Ba

Magaribar da abin ya fara ba ta da wani bambanci da sauran magaribar bazara a Jakara. Rana ta faɗa bayan soraye, amma zafinta yana nan maƙale a jikin katangu. 'Yan kasuwar Kurmi suna ta shigewa lunguna da ragowar kayansu, kowane rediyo a unguwar kuma zance ɗaya yake yi, wai sojoji za su koma bariki su miƙa wa farar hula mulki. A gidan Hajiya Kulu ba wanda ya damu da mai hawa ko mai sauka. Mutum biyu ne kawai a gidan, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye a kanta.

Ta kwancen ita ce Hajiya Kulu, wadda 'ya'yanta ke kira Inna. Hawan jini ne ya kayar da ita wata safiya a bakin rijiya, aka ɗauke ta ɓarin jikinta na dama ya shanye tun daga kafaɗa har yatsun ƙafa, ko allura aka soka mata a nan ba za ta ji ba. Harshe ma ya yi nauyi. Kalmomi kaɗan suka rage mata, su ma sai ta yi kokawa da su kafin su fito. Ta tsayen kuwa Uwani ce, 'yarta ta fari, wadda ta dawo gida bayan takabar mijinta don ta ɗan huta, sai ciwon Inna ya riske ta a nan. Hutun da ba ta yi ba ke nan. Ita ce juya ta don kada kwanciya ta ci mata baya, ita ce kunu a cokali, ita ce kashi da fitsari, ita ce wankin zannuwan da ba mai son ya kalla. Shekaru suka yi ta wucewa ta ƙofar gidan, har furfura ta fito mata a gefen kunne tana tsugune a gaban baho.

Da a ce aikin ne kaɗai, da Uwani ta jure, don ba raguwa ba ce. Abin da ke cin ta daban ne. Hajiya Kulu mutuniyar zamanin da ce, irin matan nan da ke kunyar ɗan fari har su shiga kabari. Tunda Uwani ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. “Ke,” ake ce mata, ko “waccan,” ko “yarinyar nan.” Ba a yi mata dariya, ba a yabon girkinta, in ta shigo ɗaki sai a kau da kai kamar an ga suruki. Kowa a birni ya san wannan alkunya ce, ita ma Uwanin ta sani. Amma sani bai taɓa sanyaya wa kowa zuciya ba.

Husaina kuwa, auta, ita ce 'yar lele. Tagwaye aka haife su, Hassana ta koma tun tana jaririya, sai duk son da aka tanadar wa biyu ya taru a kan ɗaya. Tana aure a Ƙofar Na'isa, kuma ranar Juma'a kaɗai take zuwa, da leshinta mai sheƙi da ledar lemo. Da ta yi sallama a zaure, sai ka ga fuskar Inna ta buɗe, ɓarin bakin nan mai rai ya ɗaga, harshen da ke gardama duk mako ya miƙe tsaf ya ce, “Husaina.” Shi kuwa Isyaku, namijin da ke tsakaninsu, ya ci zaɓen kansila a shekarar, hotonsa ya fi shi zuwa unguwar, don yana nan manne a bangon zaure yana murmushi dare da rana.

To, ran wata Juma'a Husaina ta zo kamar kullum. Ta zauna a bakin gado ta ɗora ƙafafun Inna a cinyarta tana matsa su, ta ɓare lemo tana matsa mata a baki, Inna tana kallonta kamar yau ta haife ta. Uwani tana tsakar gida tana shanya zannuwan da ta wanke, kunnenta na ɗaki. Da Husaina ta tashi tafiya, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara gyale.

“Yaya, ɗakin nan fa yana ɗan tashi. A riƙa sa turaren wuta mana, saboda masu zuwa dubiya.”

Ba da mugunta ta faɗa ba. Wannan ne ma ya fi ciwo. Uwani ta ce “to,” ta raka ta zaure, ta dawo ta zauna a kan turmi, ta kasa tashi. Kishi ne, tsagwaronsa, irin wanda mace ke jin kunyar ta ce tana yi da ƙanwar da ta goya. Tana nan zaune la'asar ta yi sakaliya, lokacin wankan Inna ya wuce, tukunyar da ke kan murhu ta tafasa har ta gaji da tafasa.

Sai da inuwa ta cinye tsakar gida sannan ta miƙe. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ba a wanka da almuru, ya kuma san ba a watsa ruwan zafi a rariya ba tare da bismillah da neman hanya ba, don akwai bayin Allah da ba ma gani waɗanda ke fitowa da 'ya'yansu a wannan lokaci. Uwani ta san wannan tun kafin ta iya ɗaura zane. Ta kinkimo Inna ta zaunar da ita a kujerar wanka ta jingina ta da bango, ta juye tukunya a baho, ta zuba ruwan sanyi ƙwarya guda inda ya kamata ta zuba uku. Kullum takan tsoma hannunta ta ji. Ran nan ba ta tsoma ba. Ta ga tururi yana tashi, zuciyarta ta ce mata ruwan nan bai sirku ba, wata zuciyar ta ce ai masu turare su zo su sirka. Ta cika ƙwarya ta kwara a cinyar dama.

Inna ba ta motsa ba. Yaya za ta motsa, naman da ba ya ji? Sai dai ta sunkuyar da kai ta kalli cinyarta, ta ɗago ta kalli Uwani, sannan ta kau da kai kamar yadda ta saba. Fatar tsufa ba ta da ƙwari. Nan da nan wurin ya yi ja, ya fara tashi. Uwani ta saki ƙwarya, hankalinta ya dawo jikinta gaba ɗaya, ta sunkuci bahon a gigice ta sheƙa ragowar ruwan a rariya don kada ta ƙara ganinsa.

A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya. A ƙarƙashin muryar tasa kuma, daga cikin ramin rariya, wani abu ya tsala ƙara, siririya, irin ta jaririn da aka yi wa kaciya. Ta yanke. Tsakar gida ta yi tsit, har kajin maƙwabta suka yi shiru. Sai dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rumfa.

Tun daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana lafiya ƙalau. Amma da zarar hasken ya fara ja, sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai jifar ba ya sauri. Hoge ne da tsakuwa, wasu da danshi a jikinsu alhali rabon garin da ruwan sama tun bara. Ba a taɓa jifar ɗakin Inna ba. Inda Uwani ta tsaya, nan dutse zai sauka, kusa da ƙafarta, bai taɓa ta ba, bai kuma yi nisa ba. Maƙwabta suka hau soro suka duba, suka kama yaran unguwa suka zane, jifa ba ta fasa ba. In ta ɗebo ruwa ta ajiye, ta juya baya, sai ta tarar da bokitin a kife. Wani lokaci kuma kukan nan yakan dawo daga rariya, ƙasa-ƙasa, tare da wata murya da ke rarrashi.

Akwai abin da ya fi jifar tayar mata da hankali, wanda ba ta gaya wa kowa ba. Takan kwantar da Inna a ɓarin hagu ta fita, ta dawo ta same ta a juye, an tokare mata baya da matashi, an ɗage zane daga kan ciwon don ya sha iska. Matar da ko hannu ba ta iya ɗagawa sai ɗaya. Wani ne ke jinyar Inna a bayan idonta, kuma ya fi ta iyawa. Ko a nan ma, Allah ya gani, sai da kishi ya ɗan soke ta.

Ciwon kuwa ya ƙi. Bororon ya fashe, fata ta saɓule, wurin ya kai faɗin tafin hannu biyu. Uwani ta shafa zuma, ta nemo gashin zomo ta lulluɓe, amma ba ta je ko kemis ba, don mai kemis zai tambaya, matarsa kuma ƙawar Husaina ce. Ta gwammace ta rufe. Kafin mako ya zagayo wurin ya fara ruwa, jikin Inna ya ɗau zafi, kunun ma sai ta kurɓi kaɗan ta rufe baki. Uwani tana gani uwarta tana narkewa a hannunta, tsoron a ce ita ta yi ya hana ta buɗe baki.

Juma'a ta dawo, Husaina ta dawo da lemonta. Labarin jifa ya riga ya kai mata, ta shigo tana salati tana waige-waige. Inna ta yi mata murmushin nan, duk da ya raunana. Amma da Husaina ta kai hannu za ta ɗora ƙafafun a cinyarta kamar kullum, sai Inna ta damƙe bakin zane da hannunta na hagu, ta danne shi a kan cinyarta, ta ƙi saki.

“Inna, matsa miki zan yi. Yau kuma ƙyuya ake yi mini?”

Inna ta girgiza kai. Uwani tana bakin ƙofa, ta fassara abin yadda zuciyarta ta ga dama: wato ba ta so 'yar lelenta ta ga ƙazanta, ba ta so hannun mai leshi ya ɓaci.

Husaina ta ce yau sai ta ga jifar nan da idonta, don haka ta zauna har rana ta faɗi. Da aka kira salla ta ɗauki buta ta nufi bakin rariya. Uwani ta buɗe baki za ta ce kada ta tsuguna a nan, sai ta fasa. Ba a yi jifa ba ran nan. Butar ce kawai ta gangara, ruwa na tsiyaya. Husaina ta miƙe tsaye a hankali, ta juyo, wuyanta a karkace, idanunta sun kafe. Ta yi tafiya irin ta tsohuwar da gwiwa ta dama, ta zo ƙofar ɗakin Inna ta zauna dirshan ta tare hanya.

“Ba mai shiga,” in ji wata murya daga bakinta, busasshiya, kamar ana jan tabarma a kan yashi. “Ke musamman.”

Uwani ta kurma ihu, maƙwabta suka cika gidan. Mata huɗu suka kasa ɗaga Husaina daga wurin. Ana ta salati, ana ta kiran sunanta, wannan ta kawo tafarnuwa, waccan ta kawo hayaƙi, kowa na cewa wayyo Husaina, baiwar Allah, yarinya mai kirki. Uwani tana rakuɓe a jikin rijiya, kuma a cikin tsoron nan nata, don Allah ku ji, sai da wani tunani ya ratso: ni ce a gidan nan shekara da shekaru, amma ko aljanin ma da ya tashi zaɓe, Husaina ya zaɓa.

Aka aika aka kira Isyaku daga wajen taron 'yan siyasa. Ya iso da babbar riga da tsoro, tare da Malam Ashafa na Ƙofar Wambai, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Malam ya sa aka fitar da 'yan kallo, ya bar 'yan gida. Ya yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa nesa kaɗan da Husaina, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, fitilar ƙwai na ci a gefensa, duhu na sauka a kan katangu. Husaina ta fara huci, ta toshe kunnuwa, ta buɗe, sannan ta yi wata doguwar ajiyar zuciya.

“Ya isa, Malam. Ni ma ina salla. Kada ka ƙona ni, an riga an ƙona mini ɗaya.”

“Wace ce ke?”

“'Yardada.”

“Daga ina?”

“Daga ina? Nan ne gidanmu. Muna bakin rariyar nan tun kafin kakan Kulu ya kafa tubalin farko.”

“To me baiwar Allah nan ta yi miki kika shige ta?”

“Ba ta yi mini komai ba. Ba ta yi wa kowa komai ba, ita ai ba ta yin komai.” Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. “Bakinta na ara, don shi ake saurare a gidan nan. Waccan ta sha cewa ta gaji, ta sha cewa a kawo mata mai taimako ko na yini ɗaya ne. Wa ya ji? Wannan mai babbar rigar cewa ya yi sai bayan zaɓe.”

Isyaku ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

“Faɗi abin da ya kawo ki,” in ji Malam.

“Jikana aka ƙona. Yana wasa a bakin rami aka sheƙo masa tafasasshen ruwa, ba bismillah, ba ku matsa. Nawa ya yi kuka na ji, na ɗauke shi, yana samun sauƙi. Amma ruwan nan ragowa ne, Malam. Ka tambaye ta inda na farkon ya sauka.”

Malam Ashafa ya juyo ya dubi Uwani, ba da fushi ba, ya jira. Da rarrafe ta wuce ta gefen Husaina, wadda a wannan karon ta matsa mata, ta shiga ɗaki, Isyaku na biye da fitila. Inna tana kwance idonta biyu, hannunta na nan a kan zane. Uwani ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya ta yaye. Warin ya riga hasken isa. Isyaku ya ja da baya yana salati.

“Ni ce,” in ji Uwani. “Ban sirka ba. Na ga tururin, na sani, na zuba.”

“Yaya!” in ji Isyaku. “Inna fa? Innarmu?”

“Innarku,” ta ce, muryarta ta fashe. “Ni dama yaushe ta zama tawa?”

Daga bakin ƙofa muryar ta sake tashi, a hankali yanzu. “Malam, ga sharaɗina. Ku ba ni Kulu. Ni nake juya ta tun ran nan, ni nake kore mata ƙuda. Ƙawata ce. A gidan nan ta yi wankan jegonta na fari, ruwa na tafasa a garwa safe da yamma, ba ta taɓa zubar da ko ƙwarya ɗaya ba sai ta bari ya huce, ta ce mana bismillah, ku kau da yara. Mutum irin wannan ba a bar wa masu ƙona shi. Ku bar mini ita, kafin asuba na tafi da ita inda ba mai gajiya da ita, in sakar muku wannan.”

“Ba a ba da ɗan Adam,” in ji Malam. “Rai na Allah ne, ba nawa ba, ba naki ba. Ki nemi wani abin.”

“To ina nan a jikin wannan.”

Uwani ta fito daga ɗaki ta zube a gaban ƙanwarta, a gaban abin da ke cikin ƙanwarta. “Ni na zuba ruwan. Jikanki ni na ƙona. Ki saki Husaina, ki bar Inna, ki shige ni, ki yi yadda kika ga dama. Dama ba wanda zai yi rashina. Ita kanta ko sunana ba ta sani ba.”

Idanun nan da suka kafe suka sauko a kanta, suka daɗe.

“Ba ta san sunanki ba,” muryar ta maimaita. “Kai, ɗan Adam da wauta. Ina zaune a ramin nan lokacin da kike cikin tsumma. Da rana ba ta kallonki, kakarki ke ɗaukarki, ita tana kau da kai ana yaba mata kunya. Amma in magariba ta yi, kowa ya shige salla, sai ta saci jiki ta kawo ki nan bayan rijiya, ta sa ki a ƙirji tana shinshina kanki, tana Uwanina, Uwanina, har sai ta ji motsi ta ajiye ki ta gudu. Na ji sunan nan har ya gundure ni. Ni da ke zaune kusa da ita ban taɓa samun rabin wannan ba, kuma na ji haushinki, ban ɓoye ba. Yau kuma da ta danne zane, kina tsammani wa take rufa wa asiri? Cinyar ba ta jin komai. Idonta ya ga wanda ya zuba.”

Uwani ba ta yi kuka irin na mutane ba. Wani sauti ne ya fito mata daga ciki, ta kifa goshinta a ƙasa, bayanta na girgiza. Malam Ashafa ya ƙyale ta. Sai da ta lafa sannan ya juya ga Husaina.

“Kin ji ta amsa laifinta, kin kuma faɗi abin da kika zo faɗa. Saura me?”

“Saura jikana.”

“Za a ba ku haƙuri, ga shi ina ba ki a madadinsu. Ba za a ƙara zuba ruwan zafi a rariyar nan ba, da rana ko da almuru. Na ɗaukar musu wannan.”

“Bai isa ba. Hannu ɗaya ba zai ƙara jinyar Kulu ba. Wannan da na ari bakinta, ta ajiye lemo ta ɗauki baho. Mai rigar nan ya nemo mace mai hankali da za ta riƙa karɓarsu. In na ƙara ganin mutum ɗaya a kanta daga asuba zuwa asuba, zan dawo, kuma ba da tsakuwa ba.”

“Isyaku, ka ji?”

“Na ji, Malam. Wallahi na ɗauka.”

“To ki fita, don girman wanda ya halicce mu da ku. Ki fita ba tare da kin cutar da ita ba.”

“Zan fita. Ku gaya wa Kulu ina gaishe ta.” Kan Husaina ya juya wajen ɗakin, muryar ta yi laushi har ta kusa zama ta mutum. “A'a, ku bari. Ta ji.”

Malam ya ci gaba da karatu. Jikin Husaina ya sandare, ya saki, ta yi atishawa mai ƙarfi har sau uku, ta sulale a ƙasa. Wani abu ya yi motsi a bakin rariya, kamar an ja tsumma a cikin rami. Can sai Husaina ta buɗe ido ta ce da muryarta ta kullum, “Yaya, me nake yi a ƙasa? Ina ɗankwalina?”

Malam Ashafa ya naɗe buzunsa. A bakin zaure ya tsaya ya ce wa Isyaku, “Nawa ya ƙare. Abin da ke cinyar Hajiya ba na tofi ba ne, ku kai ta asibiti yanzu, kada ku jira safe.”

Isyaku ya aika a kawo mota bakin lungu. Tsoro ya sake shi, sai fushi ya maye gurbinsa, irin fushin mutumin da ya san shi ma da nasa kason. Ya tsaya a tsakar gida yana faɗa da ƙarfi don maƙwabtan da ke laɓe su ji. Daga asibiti gidansa za a wuce da Inna. Zai ɗauko mai jinya ya biya. Yaya Uwani kuwa ta huta haka nan, ba za ta ƙara taɓa ta ba, ko asibitin ma ba sai ta je ba.

Uwani ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta haɗa zannuwan Inna masu tsabta, da kofinta, da cokalin da ta fi karɓar kunu da shi, ta ƙulle a ɗankwali ta miƙa wa Husaina. Maza biyu suka shigo suka ɗaga Inna a kan katifa. Uwani ta matsa jikin bango don su wuce, ta sunkuyar da kai.

Katifar ta zo daidai inda Uwani take, sai ta tsaya. Masu ɗauka suka ja, suka ji an riƙe. Hannun hagun Inna ne ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya damƙi zanen Uwani, ya nannaɗe shi a yatsu. Isyaku ya sunkuya yana lallashi, Inna ki saki, mota na jira. Ya gwada ɓamɓarewa, ya kasa, ko kuma ya ji kunyar ya sa ƙarfi. Fuskar Inna na kallon bango, ba ta dubi Uwani ba ko sau ɗaya, kunyar nan tana nan daram. Amma a gaban ɗanta, da autarta, da maza baƙi, da matan unguwa da ke leƙe ta zaure, ta ƙi sakin zanen 'yarta ta fari. Haka aka bi lungu da su har bakin titi, katifa a gaba, Uwani na tafe a gefe a sunkuye, tana bin hannun.

Inna ta yi makonni a asibiti, aka rantsar da sabuwar gwamnati tana can, ruwan farko ya sauka tana can. Ciwon ya warke ya bar tabo mai sheƙi wanda bai taɓa ɓacewa ba, kuma Uwani ce ke shafa masa man kaɗanya kullum, ba ta yarda kowa ya karɓe ta wannan ba. Jakara aka dawo da Inna, ba gidan Isyaku ba. Isyaku ya kawo wata dattijuwa da ke kwana da su, Husaina kuma ta koma zuwa kwana uku a mako, ba leshi, da tsohon zane a jaka. Ba a ƙara jifa ba.

Wata la'asar, da sauran rana sosai, Uwani da Husaina suna tsugune a gaban baho. Uwani ta tsoma hannunta har gwiwa, ta jira, ta girgiza kai. Husaina tana riƙe da ƙwarya, tana kallon ƙofar ɗakin Inna, bakinta a ɗan tunzure.

“Yaya,” ta ce, “ni fa duk kiran sunan nan da take yi mini, ba ta taɓa riƙe ni haka ba.”

Uwani ta ɗago ta dube ta. Ta san wannan kallon, ta san ɗacin da ke bayansa, ta sha shi shekara da shekaru. Tausayin ƙanwarta ya kama ta, tare da wani ɗan daɗi da ta san sai ta yi istigfari a kansa.

“Ƙaro na sanyi,” ta ce. “Bai sirku ba tukuna.”